Kwana 48 da gam a kaina

Ina da shekara tara makero ya kama ni. Lokacin muna zaune a Aboabo, cikin Kumasi, a gidan haya irin wanda famfo ɗaya ke tsakar gida kowa na bin layi. Duk ƙarshen wata wani wanzami yakan zo ƙofar makarantar allonmu, ya jera mu a kan benci, ya bi mu da aska ɗaya, ya goge ta a tafin hannunsa ya kira na gaba. Mu huɗu muka kamu. Na sauran ya tsaya fari-fari kamar an barbaɗa toka, nawa kuwa ya kumbura ya tara ruwa, a gefen hagu kusa da tsakar ka.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta bar abin da ba ta shafa min ba. Toka da lemun tsami, ruwan wani ganye mai ɗaci, daga ƙarshe wani maƙwabci bakanike ya kawo man birki a murfin kwalba ya ce shi ne maganinsa. Har yau ina tuna zafin. Ciwon ya warke bayan watanni, amma wurin ya zama fata santsi mai sheƙi, faɗin tafin hannun babba, ko gashi ɗaya bai sake tsirowa ba. Sai da na girma likita ta faɗa min cewa makeron ka ƙwayar cuta ce da ke shiga cikin tushen gashi, maganin shafawa kaɗai ba ya kai mata, sai an sha magani na makonni. Da an kai ni asibiti tun farko, mai yiwuwa da ba na wannan rubutun. Ba na riƙe da kakata, abin da ta sani ta yi.

Yara suka sa min suna Faranti. Daga nan na rungumi hula. Da ita nake wasan ƙwallo, da ita nake barci in muna da baƙi. Na koyi ɗinki da aikin wuya, na samu ɗan shago a Alabar, kuma a unguwa irin tamu namiji da hula ba abin tambaya ba ne, har ma yabo nake sha wai yaro mai kamun kai. Babu wanda ya san hular nan ba ta addini ba ce, ta tsoro ce.

Ina shekara 24 sanƙon gado ya ƙaru a kan tabon. Babanmu yana da shi, kawunnaina ma haka. Goshi ya fara ja da baya, tsakar ka ta yi shara-shara, har ta haɗe da tsohon tabon. Na sayi minoxidil na shafa kusan shekara. Ya ɗan tayar da gashi a inda tushe ke da rai, a kan tabo kuwa kamar zuba ruwa a kan siminti, kuma da na daina, abin da ya fito ya sake zubewa. Na je ɓangaren fata na asibitin Komfo Anokye, wanda mu mutanen Kumasi muke kira Gee, na yi tambaya a kan dashen gashi irin wanda ake zuwa Istanbul a yi. Likitar ta yi min bayani da haƙuri: gashin da ake dasawa naka ne, daga ƙeya ake cirowa, nawa bai isa ya rufe filin da nake da shi ba, kuma fatar tabo jini ba ya gudana a cikinta sosai, dashe ba kullum yake kamawa ba. Ko da zai kama ma, kuɗin ya fi ƙarfin tela.

A 2019 na haɗu da wadda na aura. 'Yar Tafo ce, ba ta san ni ina yaro ba, ba ta taɓa ganin kaina ba. Wata goma muna neman aure, sau da yawa na buɗe baki zan faɗa mata sai in canza magana. Aka sa rana, Lahadi 8 ga Maris 2020. Tun daga ranar barcina ya ragu.

A Instagram na ga bidiyon wani mai aski: mutum ya zauna da sanƙo kamar ƙwarya, an shafa masa wani abu fari, an ɗora gashi, an bi da kilifa, ya tashi kamar ɗan shekara ashirin. Na kalle shi ya fi sau talatin. Shagon yana Ankara, wato Accra, tamu ta Gana nake nufi, ba ta Turkiyya ba. Ranar Asabar 29 ga Fabrairu na ce wa kowa zan je sayen yadi a kasuwar Makola ta Ankara, na hau motar asuba a tashar Asafo.

Zan faɗi abin da ya faru a kujerar nan dalla-dalla, don a nan na yi duk kurakuran da sabon shiga ke yi. Mai askin ya ɗauko abu kamar ledar da ake naɗe burodi, siririya mai ɗaukar ido, an soke ta da gashi baƙi wuluk mai lanƙwasa. Bai tambaye ni sana'ata ba, ko ina yawan gumi, ko ina salla. Ni ma ban tambaye shi komai ba, kunya ta hana ni, so nake kawai a gama in fita. Ya aske min tsakar ka tas, har da gashin da ke da sauran rai. Ya goge da sifirit, ya shafa gam hawa uku, kowane hawa yana busar da shi da injin busar da gashi, tun daga goshi har bayan tabon, bai bar ko ɗigon fata ba. Ya ɗora, ya danna da bayan mataji, ya yi aski ya haɗa da gefe. Ya ce kada ruwa ya taɓa kan sai bayan kwana biyu, in dawo bayan mako huɗu a cire a wanke a mayar.

Da ya juya ni ga madubi na yi kuka. Ba zan ɓoye ba. Rabona da ganin kaina a rufe tun ina aji uku. Ban lura layin goshin ya sauko ƙasa fiye da kima ba, ban lura gashin ya yi yawa kamar na bunsuru ba, ban lura ya fi nawa baƙi ba. Ban kuma tambayi yadda ake cirewa ba.

Abin dariyar shi ne ranar ɗaurin aure da hula na yini, kamar kowane ango. Gashin nan na ɗaki ne, na mutum ɗaya.

Makon farko lafiya lau. Ranar 12 ga Maris aka sanar korona ta shigo Gana, bayan 'yan kwanaki aka hana taro aka rufe masallatai. Ranar da ya kamata in koma Ankara na ce bari in ga yadda abubuwa za su kasance. Ranar 30 ga wata aka kulle Ankara da Kumasi. Mai askin ya daina ɗaukar waya.

Wanda ya san Kumasi a watan Maris da Afrilu ya san irin zufar da ake yi kafin ruwa ya zauna. Ɗakinmu ciki da falo ne, rufin kwano. Leda ba ta numfashi. Gumi da maiƙon fata suka taru a ƙarƙashi, gam ya fara narkewa yana zama kamar cingam. Ƙaiƙayi ya fara, irin wanda ba ka da hanyar sosawa, sai dai ka riƙa bubbuga kai da tafin hannu kamar mata masu sabon kitso. In na yi sujada na ɗago sai in ji bakin goshin ya ɗan ɗaga, in yi maza in danna da yatsa kafin in yi sallama. Wata rana na aiki yaron maƙwabta ya sayo min gam ɗin da ake like takalmi, na ɗiga a bakin goshin. Wannan ita ce wautar da ta fi kowacce, garin neman gira na kusa rasa ido. Sai wari ya biyo baya. Na koma kwana da hula, na ce mata mura nake ji.

Daren Juma'a 17 ga Afrilu zazzaɓi ya rufe ni, bayan kunnena ya yi kaluluwa. Ta kawo tsumma da ruwan sanyi za ta ɗora min a goshi, na kauce. Ta ce, "Maigida, kwana nawa ina jin wari a matashin nan ina wankewa. Cire hular nan in gani." Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na cire, na kama bakin ledar na ja don in nuna mata, fatar goshin ta biyo ta, jini ya zubo min a gira.

Ba ta yi ihu ba. Ta riƙe hannuna ta ce kada in ƙara ja. Ta narka man kaɗe a cokali, ta samo auduga, ta zauna a bakin gado ni ina ƙasa tsakanin gwiwoyinta kamar yaron da ake yi wa kitso. Tana ɗiga man a bakin ledar, ta jira ya jiƙa gam ɗin, ta ɗaga kaɗan, ta sake ɗigawa. Fiye da awa biyu muka yi, da fitilar waya. Abin da ke ƙarƙashi ba na so in kwatanta shi sosai: fata fara fat kamar hannun da ya daɗe a ruwan wanki, ƙuraje masu ruwa a jere, ga tsohon tabona a tsakiya, shi kaɗai ne bai yi komai ba.

Da ta gama ta wanke hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta yi min tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba. "To duk kwanakin nan, yaya kake wankan tsarki? Ruwa na taɓa kan nan?"

Na rasa amsa. A kan gashin nake zuba ruwa, a kansa nake shafa in ina alwala, kuma wallahi ban taɓa tsayawa na yi tunani ba, ko kuma in faɗi gaskiya, na hana kaina yin tunanin. Ta ce, "Sanƙo ba ya hana aure, babana ma yana da shi. Amma ka bar ni ina bin ka salla." Kwana biyar ba ta yi min magana ba sai ta abinci. Na tabbata da hanya a buɗe take da Tafo ta tafi.

Ranar Litinin 20 ga wata aka ɗage kullen, na tafi asibiti. Aka ce tushen gashi ne suka kamu da ƙwayoyin cuta, ga kuma ƙunar gam ɗin takalmi a goshi. Aka ba ni maganin sha da na wankewa, aka ce in bar kan ya sha iska, ko hula kada in sa sai dole. Haka na shiga azumin shekarar da kai a buɗe, karo na farko cikin shekara ashirin da wani abu.

Malamina na kira a waya, don ban iya haɗa ido da shi ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, na yi ɓarna," na kwashe komai na faɗa. Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya shafar kai duka farilla ce a alwala, a wanka kuma dole ruwa ya kai ga fata, ni kuwa da hannuna na sa shamaki ba don jinya ba. Ya ce in lissafa in rama. Daga 29 ga Fabrairu zuwa 17 ga Afrilu kwana 48 ne, salla 240. Na rubuta su a bayan littafin awon kwastomomi ina sokewa ɗaya-ɗaya. Ya kuma tuna min hadisin da ya zo a Buhari da Muslim na tsinuwa ga mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa. Ya ce malamai sun fi tsanantawa a kan gashin ɗan Adam, wasu sun sassauta ga wanda ke rufe aibin ciwo ko ƙuna, musamman in ba gashin mutum ba ne, wasu kuma ba su sassauta ba. "Amma ɓoye wa wadda za ka aura," in ji shi, "wannan ba na bukatar buɗe littafi." Abin da nawa malamin ya faɗa min ke nan a kan halin da nake ciki. Kowa ya je ya tambayi nasa, amma ya tambaya kafin ya hau kujera.

Shekara guda na yi ina askin ƙwaryar molo. Karo na farko da na fita haka zuwa shago, na ɗauka duk Alabar za ta tsaya kallona. Wani kwastoma ya ce, "Masta, ƙuna ce?" na ce makero ne tun yarinta, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da rigimar ranar da zai karɓi kaftaninsa.

Duk da haka ban rabu da son ganin kaina da gashi ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na rabu ba. A ƙarshen 2021, da shawarar matata, na sake gwadawa, wannan karon a nan Kumasi, kuma sai da na yi zuwa uku ina tambayoyi kafin in bari a taɓa ni. Abin da na koya ke nan nake faɗa wa samarin da ke raɓowa shagona, su yi kamar yadi suka zo dubawa, sai shago ya watse su rage murya.

Ina fara tambayarsu ko za su iya cirewa da kansu. In amsar a'a ce, maganar ta ƙare. Kada ka bar shagon sai mai askin ya sa ka ka cire ka mayar a gabansa, kuma ka fita da kwalbar ruwan narkar da gam a aljihu. In ya ƙi koya maka, so yake ya ɗaure ka da igiya. Ni yanzu tef mai manne ciki da waje nake amfani da shi, a gefe-gefe kawai, ba gam ba. In fesa ruwan, in jira minti biyu, ya taso da kansa. Ba a ja, ko da wasa. Kafin ma a kai nan, a manna maka ɗan guntun tef ɗin ko ɗigon gam ɗin a bayan kunne ka yi kwana biyu da shi. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, jikinka ya ba ka amsa. Baƙin gam ɗin da mata ke like gashin kanti da shi yana da roba a ciki, mutane da yawa fatarsu ba ta ɗaukarsa. In kuwa kana da ƙuraje a ka, ko irin masu taurin nan na ƙeya, ko gashin faci-faci yake zuba, likitan fata za ka fara gani, ba mai aski ba.

Gindin da aka dasa gashin a kai iri biyu aka fi samu: leda da raga. Leda ta fi sauƙin gogewa, siririyarta kuma tana lafewa a goshi kamar fata, amma ba ta daɗewa, wata ɗaya zuwa uku ta yage, ga riƙe zufa. Raga tana barin iska da ruwa su wuce, takan kai wata huɗu zuwa shida in ana lallaɓa ta, sai dai cire dattin gam daga ramukanta aiki ne. A zafin ƙasar nan raga na zaɓa. Kuma maganar mako huɗu da ake faɗa, ta mutanen ƙasashe masu sanyi ce. A nan wanda ya wuce mako biyu bai buɗe kansa ya wanke ba yana neman abin da na samu. Ni da nake salla ba na ma kai wa nan: in sa in je biki ko suna, in dawo in cire, in lokacin salla ya riske ni a waje da alwalata nake fita.

Wurin kyau kuwa, kwaɗayi ne ke tona asiri. Wanda ya daɗe ba gashi yakan ce a cika masa, a sauko da goshi. Ɗan shekara 35 da goshin ɗan sakandare, daga nesa ake gane shi. Ka ɗora yatsu huɗu a kan gira, daga nan sama layin yake farawa, ko ka ɗaga gira ka ga inda tattarar goshi ta ƙare. Ka zaɓi mara yawa. Lanƙwasar gashin da milimita ake auna ta, 4 ko 6 su suka fi kusa da irin namu, a gwada da na gefen kanka a hasken rana, ba a fitilar shago ba. In ka fara furfura, a sa masa furfura. Nawa na roba ne saboda abin da Malam ya faɗa, ba ya son zafi, don haka ba na kusantar da shi ga injin busarwa.

Gashin nan ba shi da tushe, babu maiƙon da ke ciyar da shi, abin da ya zube kuma ya tafi ke nan. Da hunturu yakan bushe ya yi ƙaiƙashi, sai ana fesa masa ruwa da ɗan man laushi, amma kada mai ya taɓa gindin, tef zai saki. Hula mai matsewa tana cinye shi a gaba. Wanki a ruwan sanyi, a matse a hankali, ba cuɗawa kamar ana wankin safa ba.

Sai kuɗi, inda yawanci ke faɗuwa. Suna lissafin na ranar farko, su manta wannan abu kamar haya ne. Sabo sau biyu ko uku a shekara, tef, ruwan cirewa, askin gefe duk mako biyu don ya haɗe. Kayan duk daga waje ake shigo da su, da dala. A 2022, da sidi, kuɗin Gana, ta faɗi daga wajen 6 a dala zuwa fiye da 14, kuɗin ya ninka a hannuna, na yi wata biyar ban sayi sabo ba. Ban damu ba, don lokacin kowa ya riga ya san kaina. Na san wani da bai faɗa wa kowa ba, ya ci bashi don kada a gan shi.

Yanzu nawa yana cikin kwalin takalmi a saman kabad, a kan ƙwarya da aka kife. Bana sau shida ko bakwai na sa shi. In za mu fita matata takan tambaya, "Yau da baƙon za mu, ko mu kaɗai?"

Watan jiya ina yi wa ɗanmu aski da kilifar da na saya masa shi kaɗai, na ga wani ɗan zagaye fari a bayan kunnensa, bai kai girman kwabo ba, gashin wurin ya karye. Na ajiye kilifar da askin rabi. Uwarsa ta ce in bari gobe, yamma ta yi, ga kayan mutane ban gama ba. Na ɗauke shi a kafaɗa na tare pragya, wato keke mai ƙafa uku na haya, sai asibiti. Makero ne. An ba shi maganin sha na mako shida, aka ce a riƙa ba shi bayan abinci mai maiƙo. Ba ya son ɗanɗanonsa, kullum sai mun yi kokawa, sai na cire hula na bar shi ya buga ganga a kan farantin kafin ya buɗe baki. Saura kwana tara.